Daga Dutsen Etna Zuwa Bolonya: Tafiya a Ƙasar Garanita da Jelato

A gabashin tsibirin Sisiliya, can ƙarshen kudancin Italiya, da ƙanƙara ake karya kumallo a lokacin zafi. Daga watan Mayu zuwa ƙarshen Satumba, duk wanda ya bi titunan birnin Kataniya da hantsi zai tarar da ma'aikata da 'yan kasuwa da tsofaffi zaune a ƙofar gidajen shan gahawa, kowa da kofin gilashi cike da wani abu mai sanyi, ga kuma dunƙulen burodi mai ɗumi a gefe. Abin da ke cikin kofin shi ake kira garanita. Ruwa ne da sukari da ruwan 'ya'yan itace, ko niƙaƙƙen almon, ko gahawa, aka daskarar ana motsawa har ya zama tsakin ƙanƙara mai laushi da ake sha da cokali. Ko ɗigon madara ba a sa masa. A manyan biranen Turai da Amurka ana tallata kayan sanyi marasa madara a matsayin sabon yayi, ana tsuga musu kuɗi. A wannan tsibiri kuwa su ne na asali, kuma sun girmi firiji da ɗaruruwan shekaru.

Kayan sanyin Italiya iri uku ne manya, kuma baƙo yakan ruɗe su da askirim ɗin da ya saba saye a kanti. Jelato da madara ake yin sa, amma maiƙonsa kaɗan ne, tsakanin kashi 4 zuwa 9 cikin ɗari, alhali a Amurka doka ba ta yarda a kira abu askirim ba sai man madarar da ke cikinsa ya kai kashi 10. Iskar da ake kaɗawa cikin jelato ita ma kaɗan ce, shi ya sa yake da nauyi a cokali. Askirim na masana'anta kuwa wani lokaci rabinsa iska ce. Ana sayar da jelato a sanyin da ya kai kusan digiri 12 ƙasa da sifili, ba 18 ba kamar askirim, saboda sanyi mai tsanani yana kashe ɗanɗano a harshe. Na biyu shi ne sorbeto, wanda ake kaɗawa a inji ɗaya da jelato har ya yi santsi, sai dai ruwa da 'ya'yan itace ne a madadin madara. Na uku garanita ce, wadda ta fi su ruwa-ruwa kuma ake barin ƙwayoyin ƙanƙararta su fito a ji su. Biyu daga cikin ukun nan ba su da alaƙa da nono tun fil azal.

Kataniya ita ce ƙofar shiga ga mafi yawan matafiya, domin tana da babban filin jirgin sama. Gari ne mai duhun launi, an gina shi da baƙin dutsen da aman wuta ya bari, bayan ambaliyar narkakken dutse ta 1669 da girgizar ƙasa ta 1693 sun ɗaiɗaita tsohon garin. Babban titinsa, Via Etnea, ya miƙe santal zuwa arewa, kuma a ƙarshensa idon mutum ba ya ganin komai sai dutsen Etna, mai tsayi fiye da mita 3,300, yana fitar da hayaƙi. Zafin wannan yanki ba na wasa ba ne. A ranar 11 ga Agustan 2021 an auna digiri 48.8 a kusa da Sirakusa, kudu da Kataniya, kuma Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta tabbatar da shi a matsayin zafi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a nahiyar Turai. Wanda ya sha irin wannan rana ba ya tambayar dalilin da ya sa mutane ke fara wuninsu da ƙanƙara. A Kataniya garanitar almon ce ta fi farin jini, sau da yawa a zuba mata ɗan gahawa a kai. Akwai ta lemun tsami, ta cakulan, ta fistashiyo, sai kuma ta wani baƙin ɗan itace mai jan ruwa da suke kira jelsi, wanda ba ya daɗewa a kasuwa sai 'yan makonni a lokacin zafi.

Tushen wannan al'ada yana kan dutsen. Kafin zuwan wutar lantarki akwai masu sana'a guda da ake kira nibaroli, wato masu tara dusar ƙanƙara. Da hunturu sukan hau Etna da sauran tsaunukan tsibirin, irin su Nebrodi da Madoniye, su tattara dusar da ta zuba, su tura ta cikin ramuka da kogunan da narkakken dutse ya bari, su kirɓa ta da ƙafa da itace har ta dunƙule, sannan su rufe da tokar dutsen da ganyaye. A haka take kwana har zafi ya shigo. Idan lokaci ya yi sai a yanka ta gunduwa-gunduwa, a naɗe da ciyawa da buhuna, a ɗora wa alfadarai, a gangaro da ita cikin dare don rana kada ta cinye ribar. Wasu daga cikin kogunan suna nan har yau, kuma ana kai masu yawon buɗe ido su ga matakalar da aka sassaƙa a jikin dutse da ƙofofin saman da ake zuba dusar ta cikinsu. Ciniki ne mai kauri a zamaninsa. Wani matafiyi ɗan Sikotland, Patrick Brydone, da ya zagaya tsibirin a 1770, ya rubuta cewa babban limamin cocin Kataniya yana samun kaso mai tsoka na kuɗin shigarsa daga sayar da dusar Etna, kuma jiragen ruwa na kai ta har tsibirin Malta.

Da farko dusar kanta ake sha, a zuba mata ruwan lemo da zaƙi. Canjin da ya haifi garanita da sorbeto na gaskiya ya zo ne lokacin da aka gane cewa idan aka cakuɗa ƙanƙara da gishiri, sanyinta yana sauka ƙasa da sifili sosai, har ya iya kai kusan digiri 20. Daga nan dusa ta daina zama abin sha, ta koma abin sanyayawa. Sai aka ƙera wani baho na katako da bokitin ƙarfe a tsakiyarsa: a cika tsakaninsu da dusa da gishiri, a zuba ruwan lemo da sukari a bokitin, mutum ya tsaya yana juyawa yana kankare abin da ya daskare a jikin ƙarfen. Wannan juyawa ita ce sirrin sana'ar har gobe. Ruwan zaƙi da aka bari ya daskare ba motsi yakan zama dunƙule mai tauri, kamar ƙanƙarar zoɓo da ake ƙullawa a leda. Idan kuwa ana motsa shi, ƙwayoyin ƙanƙarar ba sa samun damar girma, sukarin kuma yana hana wani kaso na ruwan daskarewa, sai abin ya fito da laushi. Sukari ya yi yawa, ba zai kama ba. Ya yi kaɗan, sai ya koma dutse. A garin Acireale da ke arewa da Kataniya ana yin bikin garanita mai suna Nivarata don tunawa da waɗancan masu tara dusa.

A yammacin gindin Etna akwai garin Bronte, wanda ƙaramin jirgin ƙasa mai zagaye dutsen ke ratsawa. Ƙasar wurin baƙin dutse ce mai kaifi, garma ba ta shiga, amma itacen fistashiyo yana kama ta idan aka aura shi da wani itacen daji mai saiwar fasa dutse. Shekara biyu sau ɗaya ake girbi, a shekarun da lambarsu ba ta rabuwa biyu, tsakanin ƙarshen Agusta da Satumba. A shekarar hutu manoma kan cire tohon don itacen ya tara ƙarfi. Da hannu ake tsinka, domin inji ba shi da wurin tsayawa. Abin da Bronte ke nomawa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin ɗari na fistashiyon duniya ba, kuma Tarayyar Turai ta ba shi kariyar suna. Lissafi kaɗai ya isa ya nuna cewa ba duk jelaton da aka rubuta wa sunan Bronte a Italiya ne ya taɓa ganin garin ba. Na gaskiya launinsa kore ne mai duhu da ya karkata zuwa ruwan ƙasa. Kore shar mai ƙyalli rini ne.

Hanyar kudu daga Kataniya tana bin gaɓar teku zuwa Sirakusa, ta ratsa gonakin lemun tsami da ba a ganin ƙarshensu. Irin da ake nomawa a nan yana yin fure sau da yawa a shekara, yana da ruwa sosai, ɓawonsa kuma yana da ƙamshi, shi ya sa masu garanita ke goga ɓawon ko su jiƙa shi cikin ruwan sukari. Gaba kaɗan akwai Abola da Noto, ƙasar almon. A nan ne matafiyi zai fi fahimtar yadda abu marar madara ke yin maiƙo a baki. Kusan rabin nauyin ƙwayar almon mai ne. Ana bare jan ɓawonta da ruwan zafi, a niƙa ta luƙui da sukari, a dama da ruwa har ya zama fari sol, sannan a daskarar. Wanda bai sani ba zai rantse da nono aka yi. A Noto, garin da aka sake ginawa da dutse ruwan zuma bayan girgizar 1693, akwai wani tsohon gidan kayan zaƙi mai suna Caffè Sicilia da aka buɗe a 1892, kuma mai shi, Corrado Assenza, ya yi suna wajen kare wani tsohon irin almon na yankin da ake kira Romana, wanda manoma suka fara watsarwa saboda almon na waje ya fi araha. Aiki ne da ya cancanci yabo, domin ɗanɗanon garanitar yana cikin irin ne, kuma irin da aka daina shukawa ba ya dawowa.

A wannan yanki ne batun noman da ba a sa masa takin zamani da maganin feshi na sinadari yake da ma'ana ta zahiri. Italiyawa suna ce masa biyo a taƙaice. Sisiliya ce kan gaba a duk yankunan Italiya wajen faɗin gonakin da ake nomawa ta wannan hanya. A Tarayyar Turai kalmar tana da doka a bayanta: tambarin ganye mai taurari a kan kore ya zama wajibi tun 2010, sabuwar dokar da ke tsara harkar ta fara aiki a Janairun 2022, kuma abincin da aka sarrafa ba ya samun tambarin sai aƙalla kashi 95 cikin ɗari na kayan gonar da ke cikinsa sun fito daga irin waɗannan gonaki, an kuma bincika an ba da takardar shaida. Ga mai yin garanitar lemo wannan ba ado ba ne, tunda da ɓawon yake aiki, kuma a kan ɓawo maganin feshi da kakin da ake shafa wa lemo ke zama. Sai dai tambarin shaida ce ta yadda aka yi noma kawai. Bai rage sukari ba, bai kuma ce mai shagon gwani ne ba. Ƙananan manoma da yawa suna noma ba feshi amma ba su da takarda, saboda kuɗin rajista da ɗawainiyarta. Ƙarancin ruwa ma yana damun manoman. Farin da aka yi a 2024 ya kai gwamnatin Italiya ta ayyana dokar ta-ɓaci a tsibirin, kuma gonakin lemo na cikin waɗanda suka ji jiki.

Yamma da Noto, a lardin Ragusa, akwai itacen karuba, ɗan uwan ɗorawa a wajen masana tsirrai. Daga ƙwayarsa ake niƙa wani farin gari da ke riƙe ruwa, kuma ɗan ƙanƙanin adadi ya isa ya hana sorbeto yin tsakuwar ƙanƙara. Masu yin jelato marar madara na zamani, da ruwan almon ko na shinkafa ko waken suya ko kwakwa, da shi suke cike gurbin aikin da furotin ɗin madara ke yi. Cakulan ma ana yin sa da ruwa zalla, man koko ya tsaya a matsayin man shanu, kuma sau da yawa ya fi na madara ƙarfin ɗanɗano.

Palermo, babban birnin tsibirin, shi ke bayyana inda lemo da sukarin suka fito. A shekarar 827 rundunar Musulmi daga Tunisiya ta sauka a Mazara ƙarƙashin jagorancin Asad bin Furat, alƙalin Ƙairawan kuma almajirin Imamu Malik, wanda ya rasu shekara guda bayan haka yana tsaka da yi wa Sirakusa ƙawanya. Palermo ta shiga hannunsu a 831, kuma mulkin Musulmi bai ƙare gaba ɗaya ba sai 1091, lokacin da Noto ta faɗa hannun Normawa. Ibn Hauƙal, da ya ziyarci birnin wajen 973, ya ambaci masallatai fiye da 300. A waɗannan ƙarnoni ne noman rake da lemun tsami da lemu mai ɗaci ya kafu a tsibirin, tare da dabarun ban ruwa ta hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da har yanzu akwai ragowarsu a ƙasan birnin. Mutanen Sisiliya suna danganta garanita da sharbat, abin sha mai zaƙi da Larabawa ke sanyayawa da dusa. Ya kamata a faɗi abin daidai: Larabawa sun kawo kayan haɗi da ɗabi'ar shan sanyi, amma dabarar daskararwa da gishiri sai a ƙarshen ƙarni na 16 ta bayyana a rubuce-rubucen Italiya. A Palermo ta yau an fi cusa jelato cikin burodin da aka tsaga, a ci da hannu. Suna kuma da wani abin sanyi na kankana, wanda ake dafa ruwanta da sukari da sitaci, a ƙamsasa da furen yasmin, a bar shi ya kama. An fi yin sa a tsakiyar Yuli, lokacin babban bikin birnin. Shi ma babu madara a jikinsa.

Akwai abin lura ga Musulmi da kuma wanda madara ke ɓata wa ciki. Garanitar kanta ba ta da matsala, amma burodin da ake haɗa ta da shi yana da ƙwai da madara da man shanu, wasu gidajen kuma kitsen alade suke sawa, wanda sunansa a Italiyanci strutto. Wannan kitse yana shiga ɓawon kanoli, sanannen abin zaƙin tsibirin, sau da yawa tare da giyar Marsala. Cikin nau'o'in jelato, zabaione da malaga da zuppa inglese da giya ake haɗa su. A wasu shaguna kuma har jelaton 'ya'yan itace ana sa masa garin madara don ya yi santsi. Dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa masu sayar da abinci, tun Disamban 2014, su bayyana abubuwa 14 da kan tayar wa mutane da rashin lafiya, madara na ciki, don haka kowane shago yana da takardar kayan haɗinsa kuma haƙƙin mai saye ne ya nemi gani. Kalmomi biyu, senza latte, wato babu madara, suna isar da saƙo. Sai a kula da cokalin ɗiba, domin ana iya tsoma shi a kwano fiye da ɗaya.

Daga Palermo jirgin ƙasa yana bin gaɓar arewa zuwa Mesina, inda garanitar gahawa ke sarauta, amma su da kirim ɗin madara a kai suke sha sai in mutum ya ce a bar shi. A nan ake tura taragon jirgin ƙasa cikin jirgin ruwa a haye mashigin teku zuwa babban yankin Italiya. Napoli ta cancanci tsayawa saboda tarihi: a can Antonio Latini ya wallafa littafin girki a shekarun 1690 mai ɗauke da wasu daga cikin tsofaffin bayanan haɗa sorbeto. A daidai wannan zamani wani ɗan Sisiliya, Francesco Procopio, ya buɗe gidan gahawa a Paris a 1686, yana sayar wa Faransawa kayan sanyi, kuma gidan yana nan da sunansa. Roma tana da nata, ƙanƙarar da ake kankara daga babban dunƙule a rumfunan bakin kogin Tiber a zuba mata ruwan zaƙi. Filorens kuma tana alfahari da Bernardo Buontalenti, magini na fadar Medici, wanda al'adar birnin ke cewa shi ya fara haɗa jelato mai ƙwai da madara. Yayin da ake ƙara nausawa arewa, ƙasar shanu da makiyaya, madara na ƙara yawa a cikin kofi.

Tafiyar tana ƙarewa a Bolonya, garin injuna. A nan Otello Cattabriga ya ƙera, a ƙarshen shekarun 1920, injin da ke kwaikwayon hannun mai juyawa da kankarewa, kuma a nan aka kafa kamfanin Carpigiani a 1946. A harabarsa da ke Anzola, wajen birnin, akwai makarantar koyon sana'ar jelato da aka buɗe a 2003, mai karɓar ɗalibai daga ƙasashe da dama, da gidan tarihin jelato da aka buɗe a 2012, inda ake ganin bahon katako irin na nibaroli kusa da injunan zamani. Abin da ake koyarwa a ajin lissafi ne: nawa sukari, nawa maiƙo, nawa ruwa. Wannan ci gaba yana da nasa naƙasu. Masana'antu na sayar da garin haɗi da aka riga aka shirya, a zuba ruwa ko madara kawai a kunna inji, kuma dokar ƙasar ba ta fayyace abin da ya cancanci a kira jelaton hannu ba, don haka kowa na rubuta haka a ƙofarsa. Mai saye sai ya dogara da idonsa. Jelaton da aka tula ya yi tsiri sama da bakin kwano, launinsa na ɗaukar ido, yawanci iska da man girki da rini ne suka riƙe shi. Shagon kirki nau'o'insa kaɗan ne, suna canzawa da lokacin 'ya'yan itace, jelaton ayabarsa toka-toka ne, na lemun tsami kuma fari, sau da yawa a cikin tukwanen ƙarfe masu murfi.

Wanda ke son bin wannan hanya ya nufi Sisiliya tsakanin Yuni da Satumba. Jelsi a farkon wannan lokaci ake samunsa, kankana a Yuli da Agusta, girbin fistashiyon Bronte kuwa sai ƙarshen Agusta na shekara irin 2027 ko 2029. Ya fita da safe kafin rana ta take, ya fara da ta almon ko ta lemun tsami, kuma ya tambayi abin da aka sa a burodin kafin ya gutsura.